KARE RAI A WAJEN NEMAN HALAL WAJIBI NE

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin asibiti, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin karɓar waɗanda suka yi haɗari, ya gabatar a wani zama na matasa masu sana'o'in hannu da aka yi a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Tudun Wada, Zariya. Mahalarta zaman sun haɗa da masu walda, makanikai, kafintoci, birkiloli, masu injin niƙa, 'yan acaɓa da kuma ɗalibai masu koyon sana'a bayan an tashi makaranta. 

Bayan ya buɗe da addu'a da salati ga Manzon Allah (S), mai jawabin ya fara da cewa duk wanda ya fito daga gidansa da safe don neman abin da zai rufa wa kansa da iyayensa asiri, to ya fito yin abin yabo ne, kuma babu mai raina sana'a sai jahili. Sai dai ya ce akwai abin da ke damunsa, wanda shi ne dalilin amsa wannan gayyata, wato yadda samari majiya ƙarfi ke fita neman na tuwo da ƙafafunsu amma a dawo da su a ɗauke. Ya ce wanda duk ya taɓa kwana a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya san irin mutanen da ake shigowa da su: wannan inji ya cinye masa yatsu, wannan ya faɗo daga kan gini, wannan wuta ta ja shi, wancan kuma tankin mai ya tashi da shi. Ya ce mafi yawansu ba su kai shekara talatin ba, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar abin da zai hana aukuwar haɗarin bai kai kuɗin maganin kwana guda ba.

Ya ce matsalar ta duniya ce baki ɗaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikin da suke yi, wato kimanin mutum 8,000 ke nan a kowace rana. Abin lura a nan, in ji shi, shi ne waɗanda haɗari na farat ɗaya ke kashewa kimanin 330,000 ne, sauran kuwa cututtukan da aikin ya saka musu a hankali ne ke kashe su. Saboda haka ya ce haɗarin wajen aiki iri biyu ne. Akwai mai zuwa da ƙara kowa ya gani, akwai kuma mai shiga jiki shiru-shiru, sai bayan shekara goma ko ashirin mutum ya wayi gari ba ya ji, ko ba ya gani sosai, ko tari ya ƙi ƙarewa.

MAGANAR ƘADDARA

Daga nan sai ya ce kafin ya shiga lissafa haɗurra, dole ne a warware wata magana da ta zama garkuwar masu sakaci. Da zarar an ce wa mutum ya sa tabarau ko ya sa hular kwano, sai ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah ya rubuta babu makawa. Ya ce imani da ƙaddara gaskiya ne, babu Musulmin da ke jayayya a kansa, amma mai wannan magana shi ne kuma ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu idan zai tafi gida, bai taɓa barin ƙofa a buɗe ya ce abin da aka rubuta za a sace shi ne za a sace ba. Ya tambayi 'yan'uwa, shin kayan shago sun fi ido daraja ne?

Ya tunatar da cewa Manzon Allah (S), wanda babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah, ya sa sulke biyu a ranar Uhudu, ya haƙa gwalalo don kare Madina a yaƙin Ahzab, kuma a lokacin hijira ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya. Haka kuma labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah sananne ne, kuma an umarce shi ne ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya ce malamai sun lissafa kare rai a cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kiyaye, kuma jikin mutum amana ne a hannunsa wadda za a tambaye shi a kanta. Don haka wanda ya bi sababi sannan abu ya same shi, wannan jarrabawa ce, yana da lada idan ya yi haƙuri. Wanda kuwa aka faɗa masa ya ƙi ji, to ya kira abin da sunansa, ganganci.

WALDA DA GAS

Mai jawabin ya fara da masu walda, domin a cewarsa su ne suka fi yawa a wajen. Ya ce hasken walda yana ɗauke da wani haske mai ƙuna wanda ido ba ya iya gani, shi ne ke ƙona fatar ƙwayar ido. Mutum ba ya jin komai a lokacin, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Ya ce baƙin tabarau na kasuwa wanda ake sawa don rana ba ya tare wannan haske yadda ya kamata, abin da ake buƙata shi ne garkuwar fuska ta walda mai baƙin gilashi na musamman, kuma yaron da ke riƙe wa oga ƙarfe shi ma yana buƙatar tasa, domin hasken bai san oga da yaro ba. Ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan ɗiga wa ido ruwan sukari ko ruwan albasa ko nono ko wani haɗi, ya ce idan ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ido kada a murza, kada a sa tsinke ko ashana a ciro, a rufe idon a tafi asibiti. Ya ce akwai cibiyar kula da ido ta ƙasa a Kaduna, kuma wanda ya je da wuri ya fi wanda ya je bayan ido ya yi fari.

Sannan ya yi magana a kan yi wa tankin mai walda. Ya ce tankin da aka juye mansa ya fi cikakken tanki haɗari, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Haka durom ɗin da aka taɓa zuba mai ko sinadarin fenti, kada a sa masa wuta ko injin yanka sai an wanke shi sosai an cika shi da ruwa. Game da tukunyar kabaid da wasu ke haɗawa da kansu, ya ce wuta na iya komawa ta cikin tiyo ta isa tukunyar, saboda haka tsohon tiyo mai faci da tukunya mai tsatsa bam ne aka ajiye a bakin titi.

Dangane da gas na girki, wanda yanzu shagunan ɗura shi suka cika unguwanni, ya tunatar da abin da ya faru a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairu, 2020, inda gas ya fashe a wani shagon ɗura shi ya kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda aski kawai ya kai shi wajen. Ya ce wannan ya nuna sakacin mutum ɗaya ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba. Gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya bi kwata da lungu har ya tarar da wuta. Wanda ya ji warinsa kada ya kunna ko ya kashe makunnin lantarki, ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofa da taga. Kuma ana gwada yoyo da ruwan sabulu ne a ga kumfa, ba da ashana ba.

GAREJI

Da ya juyo kan makanikai, sai ya ce abu na farko shi ne shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak don ɗagawa aka yi shi, bayan an ɗaga sai a sa abin tokare mai ƙarfi, a kuma sa wa tayoyi dutse ko katako. Na biyu shi ne zuƙo fetur da baki ta tiyo, wanda makanikai da masu sayar da mai a galan suka mayar ba komai ba. Ya ce kurɓi ɗaya idan ya sarƙe mutum ya gangara huhu yana iya kwantar da shi, kuma wanda ya haɗiye fetur ko kalanzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin aman ne ke tura man cikin huhu. Na uku shi ne wanke hannu da fetur da zama da kaya jiƙe da baƙin mai tun safe har dare, wanda ke cinye fata a hankali.

Ya ja hankalin masu cajin batir cewa ruwan batir asid ne mai makantarwa nan take, kuma batir na fitar da iska mai kamawa da wuta yayin da ake cajinsa, don haka ba a yin caji a rufaffen ɗaki, ba a shan taba ko haɗa waya ta yi tartsatsi a kusa. Idan ruwan ya fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin ma a nemi abin hawa. Masu faci kuma ya ce su daina tsayawa a kan tayar babbar mota suna ba ta iska, domin ƙarfen bakinta idan ya ƙwace yana fasa kai. Masu fentin mota ya ce ƙyallen da suke ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin fenti, akwai takunkumi mai matata da aka yi don haka, kuma a yi feshi inda iska ke wucewa.

INJI, ƘARA DA ƘURA

Game da injin niƙa da na markaɗe da na tsaga katako, ya ce mafi yawan waɗanda inji ya kama ba da hannu ya fara kama su ba, da riga ya fara. Babbar riga da rawani da hannun riga mai lilo ado ne na masallaci da taro, a gaban bel mai juyawa kuwa tarko ne. Ya ce a yi wa bel da fanka murfi ko da na raga ne, wanda mai walda zai haɗa cikin yini guda, kuma kada a sa hannu a ciro abin da ya maƙale sai an kashe inji ya tsaya cik. Ya nuna takaici a kan yadda ake barin yara ƙanana 'yan aike suna tura hatsi da hannu a bakin inji.

Ya ce ƙara ita ma cuta ce. Masana sun sa iyaka a ma'aunin ƙara 85 na tsawon awa 8, kuma hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji, to ƙarar ta wuce iyaka. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma alamarsa ta farko ita ce kunne ya riƙa yin ƙugi bayan an tashi aiki. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada.

Sai ƙura. Ya ce ƙurar dutse da masu fasa dutse da masu yankan tayil ke shaƙa tana zama a huhu ta mayar da shi kamar busasshen soso, babu maganin da ke fitar da ita, kuma tana buɗe wa tarin tibi ƙofa. Maganin abin shi ne a jiƙa wajen da ruwa yayin yanka ko fasawa, a yayyafa ruwa kafin shara. Wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada shi, ga cibiyar tibi nan a Saye kusa da mu.

A nan ne ya kawo abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Mutane sun samu zinari a cikin duwatsu, suka riƙa kawo duwatsun cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci da hannun yara masu rarrafe, yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka gano musabbabin. A shekarar 2015 irin wannan ya sake faruwa a yankin Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Ya ce waɗannan iyaye ba mugaye ba ne, halal suka fita nema, rashin sani ne ya sa suka kai guba gida da hannunsu. Darasin da ke ciki ga mai fasa tsohon batir da mai fenti da mai feshin gona shi ne, kayan aiki su tsaya a wajen aiki, a yi wanka a sake tufafi kafin a ɗauki yaro, kuma kada a haɗa wankinsu da na iyali.

GINI, LANTARKI DA RAMI

Ga birkiloli da leburori, ya ce faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini a ko'ina. Katakon da ake ɗaurawa a hau a duba shi kowace safiya, tsani a kafa shi a ƙasa mai ƙarfi wani ya riƙe, kuma kada a tsaya a ƙarƙashin inda ake jefa bulo ko ake ɗaga kwano. Buhun siminti kilo 50 ne, wanda ke sunkuyawa ya fizge shi da ƙugu sau ɗari a yini zai biya bashin da bayansa tun bai tsufa ba. A durƙusa da gwiwa, a manna kaya a jiki, a miƙe da ƙarfin ƙafa. Ya ce jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, saboda haka masu kwaɓa shi da ƙafa ba takalmi su nemi takalmin roba mai tsawo. Ƙusa mai tsatsa kuma tana iya kawo tetanus, ciwon nan da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki, alhali allurar rigakafinsa tana nan a asibitocin unguwa.

Dangane da lantarki, ya ce wutar gida mai ƙarfin 230 ta isa ta tsayar da zuciya, musamman idan hannu ko ƙasa na jiƙe. Manyan wayoyi kuwa masu 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa su ba, kusantarsu da rodi ko kwano ko tsanin ƙarfe ya isa wuta ta yi tsalle. Ya ce kalmar da ta kashe masu gyaran wuta da yawa ita ce "ai an ɗauke", domin ana iya dawo da ita ba sallama, ko wani maƙwabci ya tayar da janareto wutar ta biyo waya. A cire fis a sa a aljihu, a gwada waya kafin a taɓa. Wanda wuta ta kama kada a cafke shi da hannu, a kashe wutar, ko a ture shi da busasshen katako.

Sai ya yi magana a kan masu haƙar rijiya da masu yasar masai, ya ce a nan ne ake yin mutuwar jere. Na farko ya shiga ya faɗi, na biyu ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Dalili shi ne iskar da ke ƙasan rami wani lokaci babu abin numfashi a cikinta, ko kuma akwai guba. Ya ce kada a taɓa saukar da injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rijiya, domin hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ita ce kuma ke kashe masu kwana da janareto a shago ko a soro. Wanda zai shiga rami a bar ramin a buɗe ya sha iska tukuna, a ɗaura masa igiya a jiki, mutum biyu su tsaya a sama, kuma idan ya faɗi a jawo shi da igiyar, kada kowa ya bi shi. Fitilar da wasu ke zurawa don gwaji ba ta nuna guba, a masai kuma tana iya tayar da wuta.

'Yan acaɓa ya ce titi shi ne shagonsu. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano tun ranar 1 ga Janairu, 2009, amma har yau wasu na ganin don jami'ai ake sawa. Ya ce ƙafa idan ta karye ana ɗora ta, a Shika ko a Dala, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da ɗori. Ya kuma roƙi matasa da su guji rububin kwasar mai idan tanka ta faɗi, ya tunatar da Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 inda fiye da mutum 150 suka ƙone, da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a watan Janairu na 2025.

HAKKIN DA KE KAN MAI GIDA

Mai jawabin ya ce ba adalci ba ne a ɗora wa yaron shago dukkan nauyi, alhali ba shi ke sayen kayan aiki ba. Ya ce uban da ya kawo ɗansa koyon sana'a amana ya kawo, kuma ogan da ya sayi garkuwar fuska ɗaya don kansa ya bar yara uku suna kallon wuta da ido tsirara ya ci wannan amana. Ya ce masana sun jera matakan kariya bisa tsari: da farko a kawar da haɗarin gaba ɗaya idan zai yiwu, idan ba zai yiwu ba a canza shi da abin da bai kai shi illa ba, sannan a yi masa shinge ko murfi, sannan a tsara aiki a koya wa ma'aikata, kayan sawa a jiki su ne na ƙarshe. Matakai huɗun farko duk a hannun mai gida suke.

Game da masu aiki a kamfanoni, ya ce akwai dokar masana'antu ta 1987 wadda ta wajabta rufe sassan inji masu haɗari, da samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa da hanyar fita idan gobara ta tashi. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da mai koyon aiki. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, ya adana takardun asibiti, kuma a nemi diyya kafin shekara ta cika. Ya ce doka a takarda daban, aiki da ita daban, kuma masu binciken masana'antu ba sa isa garejin Tudun Wada ko shagunan Sabon Gari, amma wanda bai san hakkinsa ba ko tambaya ba zai iya yi ba. Ya kawo misalin gobarar wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas a shekarar 2002, inda ma'aikatan dare da yawa suka ƙone, rahotanni suka ce an kulle musu ƙofa, da ginin Rana Plaza a Bangaladash da ya rufta a 2013 ya kashe ma'aikatan ɗinki sama da 1,100 bayan an ga tsagewa a bango tun ana gobe amma aka ce su koma aiki. Ya ce duk inda aka fifita riba a kan rai, ƙarshen ke nan.

TAMBAYOYI

Bayan kammala jawabin an ba da dama ga masu tambaya. Wani matashi mai fentin mota ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu an koya mana shan madara bayan aiki tana wanke ƙirji, yaya gaskiyar abin?" Malamin ya amsa cewa madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, tururin fenti da hayaƙin walda kuwa huhu suke shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce, don haka kuɗin madarar wata guda gara a tara a sayi takunkumi.

Wani kuma ya tambayi abin da za a shafa wa ƙuna. Ya ce ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wajen ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da ƙwai ko gishiri ko ƙanƙara. Idan jini ne ke zuba a danne wajen da ƙyalle da ƙarfi a ɗaga gaɓar sama. Idan yatsa ya guntule a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi. Wanda ya faɗo daga sama kuma kada a ciccibe shi a naɗe a bayan babur, a kwantar da shi a kan faffaɗan katako ba tare da an lanƙwasa wuya ko baya ba.

Wani yaro mai koyon walda ya ce shi matsalarsa idan ya nemi tabarau sai a yi masa dariya a ce matsoraci ne, yana kuma tsoron kada oga ya kore shi. Malamin ya ce, "Ɗan samari, masu yi maka dariya ba za su ja maka sanda ba ranar da ido ya tafi." Ya shawarce shi ya yi wa ogansa magana cikin ladabi a keɓe, idan bai ji ba ya sa mahaifinsa ko wani dattijo da ogan ke jin nauyinsa ya yi masa. Ya kuma juya ga iyayen gida da ke wajen ya ce yaro abin da ya ga oga na yi shi yake yi, ranar da oga ya sa, dariya ta ƙare.

A ƙarshe ya ba da shawarar kowane layi na masu sana'a su yi karo-karo su ajiye akwatin taimakon gaggawa da tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, su zaɓi mutum biyu a koya musu taimakon farko, kuma su san wanda ke da mota a kusa tun kafin buƙata ta taso. Ya ce kowa idan ya koma shagonsa gobe da safe, kafin ya taɓa komai, ya tsaya ya duba ya tambayi kansa mene ne a nan zai iya raunata ni ko yarona, sannan ya gyara abu ɗaya a ranar. Ya roƙi Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen neman halal, ya sa albarka a sana'o'in 'yan'uwa.

An rufe zaman da addu'a gab da kiran sallar Magariba.